MASU BINCIKE DA TARIHIN SABO: ABIN DA AKA RUBUTA DA ABIN DA YA RAGE MANA

Jawabin kwamitin ilmi a taron shekara-shekara na ƙungiya, Sabo, Ibadan

 



Shugabannin ƙungiya sun umarci kwamitin ilmi da ya yi wa wannan taro bayani a kan wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu, wato maganar mutanen nan da ke zuwa daga jami'a suna yi mana tambayoyi. Duk wanda ya daɗe a unguwar nan ya san su. Za ka ga saurayi ko budurwa da jaka a kafaɗa, da takarda da biro, yanzu kuma har da wayar ɗaukar magana, suna tambayar ina ne gidan Sarki, ina ne gidan dattijo wane. Wasunmu sukan ɗauka 'yan leƙen asiri ne, wasu su ce ma'aikatan haraji ne suka sake shiga, wasu kuwa su zaci gwamnati ce za ta raba wani abu, sai su yi ta ba da sunayen 'ya'ya da jikoki. Idan baƙon ya gama ya tafi, shi ke nan, ba mu sake jin ɗuriyarsa, ba mu kuma san abin da ya rubuta ba. To, abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa yau shi ne, rubutun nan ba ya ɓacewa. Yana nan a ajiye, ana karanta shi, kuma da shi ake sanin ko mu su wane ne a wuraren da ba mu taɓa takawa ba.

MENE NE BINCIKEN NAN?

Da farko ya kamata mu fahimci cewa ba dukkan binciken jami'a ne ake yi a ɗakin gwaje-gwaje da kwalabe da allurai ba. Akwai babban sashe na ilmi wanda mutane ne abin nazarinsa: tarihinsu, harshensu, waƙoƙinsu, addininsu, yadda suke aure, yadda suke ciniki, yadda suke naɗa shugaba, da yadda suke zama da maƙwabta. Mai irin wannan bincike yana da rijiyoyi uku da yake ɗiban ruwa. Ta farko ita ce bakin mutane, wato hira da dattawa da waɗanda abu ya faru a gabansu. Ta biyu takardu, kamar wasiƙu da rasit da fayil-fayil na hukuma da tsofaffin jaridu. Ta uku gani da ido, wato ya zauna cikin jama'a wata da watanni yana lura da yadda suke tafiyar da al'amuransu. Idan ya tattara, sai ya auna wannan da wancan, ya rubuta kundi, malamansa su duba, a gayyato wani malami daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi, sannan a ba shi digiri, a ajiye kundin a laburare. Daga nan ɗalibin da ya zo bayansa zai ɗauko ya kafa hujja da shi, ɗan jarida ya ɗauko, wani lokaci har kwamitin binciken gwamnati ya ɗauko. Saboda haka maganar da dattijo ya yi a zaure yana taunar goro, ko daidai ce ko kuskure, tana iya zama hujja bayan shekara hamsin.

LITTAFIN DA YA KAI SUNAN SABO DUNIYA

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Abner Cohen. Wannan mutum haifaffen Bagadaza ne, ya yi karatu a Manchester ta Ingila, ya zo nan unguwar ya yi bincike a 1962 zuwa 1963. A 1969 ya fitar da littafi mai suna Custom and Politics in Urban Africa, wanda ma'anarsa ita ce al'ada da siyasa a biranen Afirka, kuma kusan gaba ɗayansa a kan Sabon Ibadan yake. Ya rasu a 2001, amma littafin ya zama ɗaya daga cikin sanannun littattafai a fannin nazarin al'umma. Akwai malaman jami'a a Amurka da Ingila da ba su taɓa zuwa Nijeriya ba, amma idan ka ce musu Sabo, za su ce maka sun sani. Mu kuwa da aka haifa a nan, mu nawa ne muka taɓa riƙe littafin a hannu? Mun yi wannan tambaya a zaman kwamiti, kunya ta hana mu faɗi amsar da muka samu.

Me ya ce? Ya kawo cewa a 1916 aka kafa unguwar Sabo, aka tattara Hausawan da ke zaune cikin gari aka ba su wuri nasu da sarkinsu. Sannan ya yi bayani dalla-dalla a kan abin da ya riƙe unguwar, wato fataucin shanu daga Arewa zuwa Kudu da na goro daga Kudu zuwa Arewa. A nan kam, gaskiya mutumin ya sa ido. Ya nuna cewa mai shanu yakan iso baƙo, bai san mahautan gari ba, su kuma mahauta ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar sannan su biya. To wa zai yarda ya ba wanda bai sani ba dukiyarsa bashi, ba takarda, ba banki, ba alƙali? Sai maigida ya shiga tsakani. Shi ne zai sauki baƙo, ya ba shi wurin kwana da abinci, dillalansa su nemo mai saye, domin sun san kowane mahauci, sun san mai biya da mai taurin bashi, shi kuma maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Idan mahauci ya gudu, maigida ne zai biya, domin idan bai biya ba labari zai kai Arewa kafin jirgi ya kai, kuma ba wanda zai sake sauka a gidansa. Haka kuma a wajen goro, ya nuna yadda ake buƙatar amintattun mutane tun daga saye a ƙauyukan Yarabawa, da zaɓe, da ɗaurin huhu, har zuwa lodi, saboda goro kaya ne da ba ya jiran malalaci. Abin da ya fitar daga duk wannan shi ne, jarin Sabo na gaskiya amana ce da sanin juna, kuma harshe ɗaya da addini ɗaya da unguwa ɗaya su ne suka tsare wannan amana. Iyayenmu da ke zaune a nan gaba za su shaida cewa a wannan bai yi ƙarya ba. Daga nazarin nan ne ma ya fito da wata fahimta game da 'yan kasuwa masu zama a ƙasar wasu amma suna riƙe da zumuncin junansu daga gari zuwa gari, wadda daga baya masanin tarihi Philip Curtin ya ɗauka a littafinsa na 1984 ya auna fatake na sassan duniya da ita.

Amma akwai wuraren da idan aka karanta mana za mu gyara zama. Alal misali, ya ce a farkon shekarun 1950, lokacin da mulkin En'e irin na Turawa ya fara ja da baya, jam'iyyun siyasa suka shigo, ikon Sarkin Sabo ya rasa goyon bayan hukuma irin na da, sai mutanen unguwa suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, har a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsayar da Juma'arsu a Sabo. A fassararsa, wannan wata hanya ce ta sake ɗaure kan jama'a domin kada kasuwa ta kuɓuce musu. To jama'a, waɗanda suka yi wannan abu kakanninmu ne. Da za a tashe su a tambaye su, za su ce don Allah suka yi, don neman tsira, da bin malaman da suka yarda da su. Shi ya tsaya a waje ya ga amfanin da abin ya yi wa kasuwa, su kuwa suna ciki sun san abin da ke zukatansu. Mai yiwuwa ne kowanne ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, sai dai nasa ɓangaren an buga shi a littafi, nasu kuwa an binne shi tare da su.

Haka nan ya yi dogon bayani a kan mata, da kulle, da yawan mutuwar aure, da zaman karuwai a unguwa, ya kuma yi magana a kan bara da yadda makafi da guragu ke da nasu shugabanni. Ba mu kawo wannan don mu tayar da hankalin kowa ba, kuma ba za mu ce duk abin da bai yi mana daɗi ba ƙarya ne. Abin tambaya shi ne, namiji baƙo, wanda ba ya shiga cikin gida, yaya zurfin abin da zai sani game da rayuwar iyayenmu mata? Wace ce a cikinsu ta ba da nata labarin da bakinta, na sana'ar da ta yi a cikin gida, da adashin da ta zuba, da 'ya'yan da ta aurar, da makarantar da ta koyar? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sama da shekara hamsin ke nan da fitar littafin, kuma a iya abin da kwamiti ya gani, ba mu zauna a matsayinmu na jama'a mun ce ga inda ya yi daidai, ga inda ya kauce ba.

BA SHI KAƊAI BA NE

Kada a ɗauka Turawa kaɗai ke wannan aiki. Shehun malami Mahdi Adamu, wanda ya taɓa shugabantar Jami'ar Sakkwato, ya fitar da littafi a 1978 mai suna The Hausa Factor in West African History, inda ya bi sawun Hausawa a wajen ƙasar Hausa, fatake da malamai da masu sana'a da sojoji da bayi, daga ƙasar Nufe da ta Yarabawa har Gwanja da bakin teku. Wanda ya karanta shi zai gane cewa zuwan Bahaushe ƙasar nan ya girmi jirgin ƙasa, ya girmi ita kanta Nijeriya da aka haɗa a 1914. Ko rundunar sojan ƙasar nan, tana lissafa asalinta ne daga ƙaramar rundunar Hausawa da Kyaftin Glover ya kafa a Ikko a 1863. Paul Lovejoy kuma ya rubuta Caravans of Kola, aka buga a 1980, a kan fataucin goro na Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari zuwa Gwanja, tun kafin noman goron fatauci ya bazu a ƙasar Yarabawa ya jawo iyayenmu zuwa su Agege da Shagamu. Akwai gidaje a unguwar nan da asalinsu ke cikin waɗannan zuriyoyi, amma jikokinsu ba su taɓa jin sunan ba. A Kumasi ta ƙasar Gana ma, Enid Schildkrout ta yi nazarin mutanen zango, littafinta ya fito a 1978.

A nan gida kuma, Isaac Olawale Albert na Jami'ar Ibadan ya yi binciken digirinsa na uku yana kwatanta Sabon Garin Kano da Sabon Ibadan, Rasheed Olaniyi kuma ya rubuta tarihin Yarabawa mazauna Kano. Ku lura da wannan da kyau. Abin da muke a nan, shi Bayarabe yake a Kano, kuma 'yan'uwansa sun tashi sun rubuta tarihin zamansa can.

Masu masaukinmu sun daɗe da gane wannan. Samuel Johnson ya gama rubuta tarihin Yarabawa a 1897, aka aika da rubutun Ingila, ya ɓace a hannun masu ɗab'i. Shi kansa ya rasu a 1901 bai ga littafinsa ba. Ƙanensa, Dokta Obadiah Johnson, ya zauna ya sake haɗa shi daga guntattakin takardun da mamacin ya bari, har aka buga a 1921. I. B. Akinyele, wanda daga baya ya zama Olubadan a 1955, ya rubuta tarihin Ibadan da Yarabanci tun yana da ƙuruciya. Yau idan gardama ta tashi a kan sarauta ko asalin wata unguwa a garin nan, akwai littafin da za a ɗauko. Mu idan tamu ta tashi, sai a ce a kira wane, sai a tarar wane ya rasu bara.

Kuma ba za mu ce rubutu baƙon abu ne a wurinmu ba. Alhaji Umaru na Karachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga da Kete Karachi ya rasu a 1934, mazaunin zango ne kamarmu. Ya rubuta bayanin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adunta da ajami, kuma har yau masana na dogara da rubutunsa. Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta yi boko ba, ta zauna ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga a 1954, ya zama littafin da duk mai nazarin rayuwar matan Hausawa sai ya bi ta kansa. A cikin gidajen Sabo akwai irin Baba, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

ME YA SA ABIN YA DAME MU YANZU?

Dalili na farko shi ne mutuwa. Wanda yake ɗan shekara ashirin lokacin da Cohen ya zo, yau ya haura tamanin. Waɗanda suka ga zamanin da ake koro shanu a ƙasa, da zamanin wagunun jirgi, da yadda aka yi zaman yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a nan, saura ƙalilan. Wani abu ya faru a gidan ɗaya daga cikin 'yan kwamitin nan wanda ya sa muka ƙara ƙaimi. Kakansa ya rasu ya bar wata tsohuwar adaka, aka tura ta ƙarƙashin gado shekara da shekaru. Da aka tashi gyaran ɗaki aka buɗe, sai aka tarar gara ta cinye fiye da rabi. A cikin abin da ya tsira akwai wasiƙun ajami tsakaninsa da abokan cinikinsa na Arewa, da rasit na lodin goro, da wani littafi da yake rubuta bashi da sunayen baƙin da suka sauka a gidansa. Yara ba su iya karanta ajamin ba, har an fara ba mai ƙosai wasu ta naɗe kaya kafin wani malami ya gani ya hana. Jama'a, adaka nawa irin wannan ke ƙarƙashin gadaje a unguwar nan?

Dalili na biyu ya fi nauyi. Mun lura cewa masu tambaya sun fi yawaita bayan an yi tashin hankali. An gan su bayan rikicin Shagamu na 1999, da na Idi-Araba na 2002, da na Ile-Ife na 2017, da na kasuwar Shasha a nan Ibadan cikin watan Fabrairu na 2021. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Ba laifi ba ne a binciki rikici, domin sai an san ciwo ake samun magani. Amma idan ba a zo wurinmu ba sai ran da aka ƙone rumfuna, to abin da zai taru a laburare game da mu shi ne faɗa. Shekarun da aka yi ana zaman lafiya, da auratayya, da mahaucin da ya yi shekara talatin yana karɓar shanu bashi a hannun maigida ɗaya, da yaranmu da ke jin Yarabanci kamar Hausa, duk ba za su shiga lissafi ba, saboda ba wanda ya zauna ya rubuta su.

Dalili na uku shi ne maganar ɗan ƙasa da baƙo. Kowa a nan ya san wahalar da ɗanmu ke sha idan aka ce ya kawo takardar shaidar asali. An haife shi a nan, an haifi ubansa a nan, a nan ake biyan haraji, amma a ce ya koma garin kakansa, can kuma a ce ba a san shi ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan matsala ta ƙasa baki ɗaya a 2006. Ba mu ce littafin tarihi zai ba kowa takarda ba, kuma ba neman jayayya muke da masu masaukinmu ba, waɗanda muke girmamawa. Amma ran da za a zauna a teburi a tattauna matsayin irinmu, wanda ya zo da shekaru da sunaye da takardu ba daidai yake da wanda ya zo da "an ce" ba.

SHAWARWARIN KWAMITI

Na ɗaya, mu fara da dattawa, kuma mu fara a wannan wata. Kowane layi ya ba da sunayen maza da mata da suka haura shekara saba'in. Samari biyu su je wurin namiji, 'yan mata ko matan aure biyu su je wurin mace. Wayar da ke aljihunmu ta isa. A fara da faɗin ranar da sunan mai magana da wurin, sannan a tambaye shi daga ina iyayensa suka zo, ta wace hanya, a gidan wa suka sauka, wace sana'a, wa ya koya masa, me ya gani da idonsa, me kuma aka ba shi labari. Wannan bambanci na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Kada a katse dattijo, kada a gyara masa magana, kada kuma a ɗora muryarsa a intanet ba da izininsa ba.

Na biyu, takardu. Duk mai tsohuwar wasiƙa, ko hoto, ko rasit, ko lasisi, ko takardar fili, kada ya ba kowa asalin. Kwamiti zai zo gida ya ɗauki hotonta a gabansa, a rubuta ta wane ne, a mayar masa. Malamanmu na zaure su taimaka da karatun ajami. Kuma mu ɗauki darasi daga abin da ya sami Johnson, kowane abu a ajiye shi a wuri uku.

Na uku, mu je inda aka ajiye namu. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka fara a 1954 ƙarƙashin Kenneth Dike, yana cikin harabar Jami'ar Ibadan, kuɗin mota ɗaya daga nan. Akwai fayil-fayil na Lardin Oyo da na gundumar Ibadan na zamanin Turawa, waɗanda masu binciken tarihin garin nan ke dogara da su. Akwai reshe a Kaduna da Inugu, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna. Muna roƙon ɗalibanmu da ke jami'a su ba da kwana biyu-biyu a lokacin hutu, ƙungiya ta ɗauki nauyin mota da kuɗin kwafi.

Na huɗu, mu yi wa masu bincike tsari. Kada mu kore su, domin yawancinsu 'ya'yan mutane ne masu neman ilmi, kuma idan muka rufe ƙofa za su je su tambayi wani game da mu. Amma duk wanda ya zo ya kawo takarda daga sashensa, ya bayyana da Hausa ko Yarabanci abin da yake nema da abin da zai yi da shi. Wanda ba ya son amsawa ba dole. Wanda ya ce a sakaya sunansa a sakaya. Sannan a yi alkawari cewa idan an gama za a kawo wa ƙungiya kwafi ɗaya na kundin, in da hali mai shi ya zo ya yi mana bayani a zama irin wannan. Mu kuma namu alkawarin shi ne mu faɗi gaskiya. Mun taɓa ganin inda aka bar wa yara takardun tambayoyi na Turanci suka cike su da wasa a bakin shago, mai su ya zo ya kwashe ya tafi. Wannan wasan yara yana nan a wani kundi a matsayin ra'ayin Hausawan Ibadan.

Na biyar, 'ya'yanmu. Kowane uba yana son likita ko injiniya ko lauya, kuma muna buƙatarsu. Amma idan yaro ya ce zai karanta tarihi, ko Hausa, ko nazarin zamantakewa, kada a ce masa ya ɓata kuɗin makaranta. Yaron da ya tashi a Sabo yana da Hausa, yana da Yarabanci, yana da Turanci, da yawa kuma suna da Larabci da ajami. Abin da baƙo zai shekara yana koyo, shi da shi ya tashi. Kwamiti na ba da shawarar a ware wani abu daga asusun ilmi domin duk ɗalibin da ya zaɓi ya yi kundinsa a kan wani ɓangare na rayuwar al'ummarmu.

Na shida, wannan mujalla tamu ta ware shafi biyu a kowace fitowa, ɗaya don taƙaita abin da wani littafi ya faɗa game da mu cikin Hausa, ɗaya don amsar dattawa. Za mu fara da babin Cohen na cinikin shanu.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya wajaba mu yi wa kanmu kafin mu zauna. Mai bincike ba maroƙi ba ne. Idan muka ce za mu rubuta tarihinmu, za mu ci karo da abubuwan da ba mu so: rigingimun sarauta, da gidajen da suka yi shari'a da juna, da waɗanda suka ci amana, da waɗanda asalin zuwansu bauta ce. Gida biyu za su ba da labari biyu a kan abu ɗaya. Ƙa'idar aikin ita ce a rubuta duka biyun, a faɗi wanda ya faɗa, a nemi takarda in akwai, abin da zai tono ƙiyayya kuma a kai shi gaban Sarki da malamai su ba da shawarar yadda za a adana shi. Idan muka rubuta yabon kai kawai, ba wanda zai ɗauke shi hujja, kuma jikokinmu ne za su fara ganewa.

Ranka ya daɗe, wannan shi ne abin da kwamiti ya ga ya dace ya gabatar. Muna neman izininka da albarkar iyayenmu mu fara zagayen dattawa, kuma muna roƙon a fara da gidanka, domin idan aka ga an buɗe zauren Sarki sauran zauruka ba za su yi wuya ba. Sakataren kwamiti na nan a bakin ƙofa da littafi, duk mai son ba da sunan dattijo ko mai wata takarda a gida ya tsaya wurinsa kafin ya fita.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan unguwa, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.